Darasi: Yadda Ake Amfani da Taswirar Waya a Hanyoyin Gona a Farkon Damina

A ɗauka wani saurayi ne ya taso daga Kano zai je ɗaurin aure a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, kwana biyu bayan saukar ruwan shuka. Mota ta sauke shi a bakin titi, babu ɗan acaɓa a kusa, sai ya buɗe taswirar wayarsa. A hoton sama ya ga wani farin zare ya ratsa gonaki ya miƙe har cikin garin, tafiyar da ba ta fi kilomita 4 ba. Ya kama hanya. Bayan minti 20 sai ya tsinci kansa a tsakiyar gonar gero da ya fara tsiro, mai gonar yana ɗaga masa murya daga nesa. Ya kauce ya bi gefe, sai ya iske ƙorama tana gudu a daidai inda wayar ta nuna masa yashi. Hadari ya haɗo daga gabas, cajin wayar kuma saura kashi 12.

Wayar wannan saurayi lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne ta nuna masa hanyar rani, shi kuwa yana tafiya a damina. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa hakan ke faruwa, da yadda ake shirya waya kafin a shiga hanyoyin gona, da yadda mai tafiya a ƙasa zai raba turba ɗaya da masu babur, masu keke da makiyaya ba tare da ya yi wa kowa ɓarna ba.

Yadda hanyoyin wannan yanki suke

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano, musamman Ungogo, Dawakin Tofa, Minjibir, Gezawa har zuwa Bichi, Ɗambatta da Makoɗa, tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Ya nuna cewa a nan ana noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta, kuma takin dabbobi da na bola da ake kaiwa a kan jakuna shi ke riƙe da ƙarfin ƙasar. Ma'anar wannan ga mai tafiya ita ce babu fili na banza. Duk inda ƙafa ta sauka a wajen hanya, gonar wani ce.

Hanyoyin da ke tsakanin gonakin nan iri uku ne, kuma sanin bambancinsu shi ne tushen darasin.

Na farko shi ne burtali, wato hanyar dabbobi da aka ware tun zamanin kakanni, wadda galibi ake yi wa shinge da aguwa ko bini-da-zugu a gefe da gefe domin kada shanu su faɗa gona. Burtali yana nan rani da damina.

Na biyu ita ce turbar kan iyaka, siririyar hanyar ƙafa da ke bin tsakanin gona da gona, wani lokaci da gamba ko lalle a gefenta. Ita ma tana nan duk shekara, sai dai da damina takan tsuke saboda kowa ya yi huɗa har bakinta.

Na uku shi ne yanken rani. Da zarar an gama girbi an kwashe kara, jama'a sukan ratsa ta tsakiyar gonaki domin rage nisa, babura su bi, har wurin ya daddale ya zama kamar hanya. Ranar da ruwan shuka ya sauka wannan hanya ta mutu, domin mai gona zai shuke wurin. Wasu manoman ma binne suke yi, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya zo, don haka gonar da ake gani kamar fili tana iya kasancewa da iri a cikinta.

Abin da waya ta sani da abin da ba ta sani ba

Abubuwa biyu ne ke aiki a lokacin da mutum ya buɗe taswira, kuma mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya ne.

Na farko shi ne GPS, wanda ke gano inda wayar take. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma kowanne yana aiko da saƙon da ke ɗauke da lokaci da matsayinsa. Wayar tana sauraron saƙon aƙalla taurari 4, ta lissafa tsawon lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta fitar da inda take. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Wannan aiki ba ya cin data, ba ya kuma buƙatar sabis, domin sauraro kawai wayar ke yi. Data tana taimakawa ne wajen saurin kamo taurarin a farko. A sarari, inda babu rufi, kuskuren wayar bai cika wuce mita 5 ba. A ƙarƙashin inuwar tsamiya ko ɗorawa mai duhu, ko a cikin lungun gari, kuskuren yakan ƙaru.

Na biyu shi ne ita kanta taswirar, wato zanen hanyoyi da hoton sama da ake ɗora ɗigon GPS a kai. A nan matsalar take. Hoton da ake gani ba na yau ba ne, an ɗauke shi ne watanni ko shekaru da suka wuce. Kamfanonin taswira suna zaɓen hotunan da gajimare bai rufe ba, kuma a ƙasar Hausa irin waɗannan hotuna sun fi samuwa da rani. A hoton rani, yanken da ya ratsa gona yana fitowa fari tas kamar hanya ta gaskiya. Busasshiyar ƙorama ma tana fitowa kamar faffaɗan titin yashi. Wanda yake so ya tabbatar zai iya buɗe Google Earth ya duba ranar da aka ɗauki hoton yankinsu.

Akwai alamomin da ke taimakawa wajen rarrabewa a kan hoton:

1. Burtali yana da layi biyu masu duhu a gefensa, wato shingen, kuma faɗinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe.
2. Turbar kan iyaka tana yin kwana a inda gona ta ƙare, tana bin siffar gonakin.
3. Yanken rani yana ratsa gonaki a karkace, bai damu da iyakar kowa ba. Duk layin da ya yanka gona daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗauka babu shi da damina.
4. Ƙorama tana lanƙwasa kamar maciji, faɗinta yana ƙaruwa yana raguwa, sau da yawa da itatuwa ko lambuna a bakinta.

Shirin waya kafin a fita

Sabis yana rauni a ƙauyuka da yawa, don haka a sauke taswirar tun ana gida.

A Google Maps, a danna hoton asusu da ke sama ta dama, a zaɓi Offline maps, sannan Select your own map, a daidaita akwatin a kan yankin da za a je, a danna Download. Abin lura shi ne idan babu data Google Maps yana bayar da jagorar tuƙin mota ne kawai, ba ya lissafa hanyar ƙafa ko ta keke, kuma hoton sama ba ya cikin abin da aka sauke. Saboda haka yana da kyau a ɗauki hoton fuskar waya na wuraren da hanya ta rabu tun ana da data.

Manhajojin Organic Maps da OsmAnd sun fi dacewa da mai tafiya a ƙasa. Dukansu suna amfani da bayanan OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda masu sa kai ke zanawa kuma kowa ke da damar gyarawa. Idan aka sauke yanki a cikinsu, suna iya lissafa hanyar ƙafa ba tare da data ba, suna kuma naɗar sawun tafiya. Sai dai su ma abin da aka zana musu kawai suka sani. A wani ƙauyen za a ga turbobi da yawa, a wani kuma babu komai sai sunan garin.

Batun caji kuwa, abin da ya fi shanye batir a karkara shi ne neman sabis. Idan sabis ya yi rauni, wayar tana ƙara ƙarfin aika saƙonta domin ta kamo turken sadarwa, batir ya riƙa zuba. Maganin shi ne a kunna Airplane mode a bar Location a kunne. GPS zai ci gaba da aiki, sai a riƙa kashe Airplane mode ɗin jefi-jefi idan za a kira wani. A rage hasken fuskar waya, a kuma daina barin ta a kunne duk tsawon tafiya. Duba ɗaya a kowace mararraba ya isa. Fawabank mai 10,000mAh yakan cika waya mai batir 5,000mAh sau ɗaya da ɗoriya, ba sau biyu cif ba, saboda wani ɓangare na wutar yana salwanta wajen juyawa.

Sai kamfas. Wasu ƙananan wayoyi masu araha ba su da na'urar kamfas a ciki, don haka kibiyar da ke kan ɗigon ba ta san inda mutum ya fuskanta ba sai ya fara tafiya. Mai irin wannan waya ya taka kamar taku 20 ya ga inda ɗigon ya nufa kafin ya yanke hukunci. Wayar da ke da kamfas kuma, idan kibiyar ta rikice, a riƙe ta a zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu, za ta daidaita.

Game da ruwa, wayar da aka rubuta mata IP67 an gwada ta a zurfin mita 1 na tsawon minti 30, amma a ruwa mai tsabta kuma tana sabuwa. Wayar da ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta wajen mai gyara ta rasa wannan kariya. Yawancin wayoyin da ke hannun matasa ma ba su da ita tun asali. Ledar da ake zuge bakinta, ko farar leda biyu a ɗaure, ta wadatar, kuma ana iya taɓa fuskar wayar ta cikinta. Idan waya ta jiƙe, a kashe ta, a goge, a bar ta ta sha iska, kada a sa ta caji sai ramin cajin ya bushe. Tura ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shiga ciki, har kamfanin Apple ya gargaɗi masu wayoyinsa da su daina.

Hasashen yanayi da karanta hadari

A ƙasar Kano damina takan kama tsakanin watan Mayu da Yuni, ruwa ya fi yawa a Agusta. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma hasashen kwanaki a kai a kai, kuma ya kamata a riƙa bibiya. Amma manhajar yanayi da ke cikin waya tana da iyaka. Lissafinta yana fitowa ne daga manyan kwamfutoci da ke raba duniya gida-gida, kowane gida faɗin kilomita 9 ko fiye. Hadarin farkon damina kuwa yana iya zuba a Kunya ya tsallake Minjibir. Idan manhaja ta nuna kashi 40 na yiwuwar ruwa, ba ta faɗi ƙauyen da zai samu ba.

Abin da manoma suka sani tun da can, kimiyya ma ta tabbatar da shi: manyan hadarurrukan Afirka ta Yamma daga gabas suke tasowa su nufi yamma, kuma sun fi zuwa da la'asar zuwa dare. Alamar farko ita ce gabas ta yi baƙi, sai iska ta tsaya cik, sai kuma guguwa mai sanyi da ƙura ta taso. Daga tasowar wannan iska zuwa saukar ruwa sau da yawa mintuna kaɗan ne. Saboda haka tafiyar safe ta fi aminci.

A yi lissafin lokaci da gaskiya. A busasshiyar hanya mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, kuma da irin wannan saurin manhajoji ke lissafi. A cikin taɓo, da tsayawa ba wa dabbobi hanya, da zagaye ƙorama, a ƙaddara kilomita 3 a awa. Tafiyar kilomita 6 da waya ta ce awa ɗaya da kwata, a ware mata awa biyu. A watan Yuni rana tana faɗuwa a Kano gab da ƙarfe 7 na yamma, don haka wanda zai yi wannan tafiya ya tashi kafin ƙarfe 4.

Raba turba da sauran masu bi

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Amurka da Kanada akwai siraran hanyoyi a kan duwatsu da masu tafiya a ƙasa da masu keken hawan dutse ke bi tare. Idan dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ƙasa tana yin laushi, ƙafa ta bar ramuka, taya ta bar kwari, idan sanyi ya daskarar da su kuma hanya ta lalace wa kowa. Don haka suka kafa ƙa'idoji: mai keke ya ba mai ƙafa hanya, dukansu su ba mai doki hanya, wanda ya iske taɓo ya bi ta tsakiyarsa kada ya zagaye ya faɗaɗa hanyar. Suna kuma da manhajoji irin su Trailforks inda wanda ya bi hanya ke rubuta halin da ya same ta domin na baya. Ruwan farko a turbar gona yana yin irin abin da dusar farko ke yi a can, sai dai a nan abin da ke gefen hanya abincin iyalin wani ne na shekara.

Da farko a san irin ƙasar. A jigawa, inda yashi ya fi yawa, ruwa yana kwantar da yashin ya yi ƙarfi, tafiya ma ta fi daɗi bayan ruwa, ga mai keke da mai ƙafa. A fadama da wuraren laka abin ya sha bamban: ƙasa tana kama takalmi, tana santsi, babur yana haƙa kwari a tsakiyar turba. Ruwan gaba sai ya bi wannan kwarin ya zurfafa shi, kuma da haka ne zaizayar ƙasa ke mayar da turba kwazazzabo cikin 'yan shekaru.

Ga ƙa'idojin da suka dace da mai tafiya a ƙasa:

1. Idan an iske taɓo a turba, a bi ta ciki ko ta kan gindin shinge. Mutum ɗaya ya taka kunya zai ga kamar ba komai, amma na bayansa sawunsa zai bi, kafin mako guda layi biyu na shuka sun tafi. Takalmin roba da ake wankewa ya fi takalmin gayu amfani a wannan lokaci.
2. Idan babur ko keke ya taho a wuri mai santsi, mai ƙafa ne ya fi sauƙin tsayawa. Mai babur da ya ɗauko buhun taki ko fasinja, idan ya taka birki a laka zai iya zubewa. A tsaya a gefe ɗaya, a tsaya cik, kada a yi ta tsallake-tsallake daga dama zuwa hagu. Shi kuma mai babur haƙƙinsa ne ya rage gudu ya yi hon tun daga nesa, musamman a kwana.
3. Idan garken shanu ya shigo burtali, hanyar tasu ce. A raɓe a jikin shinge ko a koma baya zuwa inda ya buɗe, a bar su su wuce. Kada a ɗaga hannu, kada a kunna fitilar waya ko a matsa ɗaukar hoto, domin saniya mai ɗan maraƙi ba ta son a kusance ta. Dabbar da ta firgita ta faɗa gona tana iya jawo rigimar da ta fi ƙarfin wanda ya jawo ta.
4. Amalanken shanu da jaki mai mangala ba sa iya kaucewa a tsukakken wuri. Ranar kasuwa, kamar Lahadin Ɗambatta, sun fi yawa a hanya da safe da kuma yamma.
5. A cire abin sauraro daga kunne, aƙalla ɗaya. Keke ba shi da ƙara, kuma a kan jiƙaƙƙen yashi ba a jin tahowarsa.
6. Kada a yi tafiya ana kallon waya. A tsaya, a duba, a mayar aljihu.

Sannan a yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Manomin da ke bakin hanya ya san abin da babu shi a kowace manhaja. Sallama ce farko: "Salamu alaikum Baba, sannu da aiki. Don Allah hanyar nan tana fita, ko an shuke ta? Ƙoramar gaba ta kawo?" Idan amsarsa ta saɓa da abin da waya ta nuna, a bi tasa.

Ƙorama, tsawa da maciji

Ƙorama tana iya kawowa ko da ba a yi ruwa a inda mutum yake ba, domin ruwan da ya sauka a wani gari can sama shi ke gangarowa. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Idan ruwan ja ne, yana ɗauke da kara da rassa, ko ba a ganin ƙasansa, a jira. Irin waɗannan ƙoramu sukan janye cikin 'yan awanni. A nemi mashigin da mutanen garin ke bi, kada a ƙirƙiri sabo don waya ta nuna nan ne kusa.

Tsawa kuma ana iya auna nisanta da agogon waya. Sauti yana tafiyar kusan kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. Idan aka ga walƙiya aka ƙirga daƙiƙa 15 kafin a ji ƙara, nisan kilomita 5 ke nan, kuma wannan kusa ne. Duk wanda ke jin ƙarar tsawa yana inda za ta iya kai masa. A nemi gini a shiga. Kada a fake a gindin itaciyar da ke tsaye ita kaɗai a gona, ko kuka ce ko gawo, kada kuma a tsaya a kan tudu ko cikin ruwa. A jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe kafin a ci gaba. Maganar da ake yi cewa wayar hannu tana jawo tsawa ba ta da tushe. Haɗarin yana ga wayar da aka jona a wutar gida lokacin hadari.

Farkon damina ne kuma lokacin da macizai da kunamu ke fitowa, sun kuma fi son gindin shinge da ciyawa. Da dare a haska ƙasa taku biyu zuwa uku a gaba. Idan tsautsayi ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe ko agogo, a rage motsa gaɓar, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.

Sanar da wani inda ake

Kafin a tashi, a faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. Idan akwai data, WhatsApp yana da Live location na minti 15, awa 1 ko awa 8. A tura wa mutum ɗaya ko biyu da aka amince da su kawai. Kada a saka a babban zaure ko a Status, domin sanar da duniya cewa mutum yana tafiya shi kaɗai a daji da waya a hannu ganganci ne.

Idan babu data amma akwai ɗan sabis, saƙon tes ya isa. A danna a riƙe a kan ɗigon da ke nuna inda ake, lambobi biyu za su fito. A wannan yanki ta farko tana farawa da 12, ta biyu da 8. A kwafe su duka a tura, kada a yanke lambobin da ke bayan ɗigo, domin kuskuren 0.001 kaɗai ya kai kusan mita 111 a ƙasa. Wanda ya karɓa zai liƙa su a wurin bincike na taswirarsa ya ga wurin. A haɗa da alamar da ɗan gari zai gane, kamar "kusa da makarantar firamare, yamma da rijiyar burtsatse". Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce.

Naɗar sawu da gyara taswira

Wanda ya bi hanyar damina sau ɗaya ya isa lafiya yana riƙe da bayanin da taswira ba ta da shi. A Organic Maps ko OsmAnd, a kunna naɗar sawu a farkon tafiya, a kashe a ƙarshe. Manhajar za ta ajiye layin da aka bi, kuma ana iya fitar da shi a matsayin fayil ɗin GPX, ƙaramin fayil da ake turawa ta WhatsApp, wani ya buɗe a wayarsa ya bi. A sa alama a mashigin ƙorama, wurin da laka ke riƙe babur, da inda za a iya fakewa. A sa wa fayil ɗin suna da wata, misali "titi zuwa gari, Yuni", domin hanyar Yuni ba lallai ta yi aiki a Agusta ba.

Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye domin tattalin batir, sai a ga sawun ya yanke ya zama miƙaƙƙen layi. A shiga Settings, a nemo manhajar a ƙarƙashin Apps, a cire mata takunkumin batir kafin a fita.

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a Kano. A lokacin yaƙi da cutar shan inna, an riƙa ba ma'aikatan rigakafi wayoyi masu GPS domin a ga unguwanni da rugagen da suka shiga da waɗanda aka tsallake, aka kuma zana taswirar ƙauyuka da yawa da ba sa kan kowace taswira a da. Wannan yana cikin ayyukan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

Matashin da ke son ya ci gaba zai iya buɗe asusu kyauta a OpenStreetMap ya ɗora sawunsa ya zana hanyar. A can kowace hanya tana da lakabi: highway=path ga turba, highway=track ga hanyar gona da amalanke ke bi, ford=yes ga mashigin ruwa. Sharuɗɗa biyu ne. Kada a kwafo daga Google Maps, domin dokar mallaka ta hana. Kada kuma a zana yanken rani a matsayin hanya ta dindindin, domin duk baƙon da manhaja ta tura cikin shukar wani, wanda ya zana layin yana da kaso a laifin.

Aikin gwaji

Kafin tafiya mai nisa, a gwada a kusa da gida. A sauke taswirar ƙaramar hukuma, a kunna Airplane mode, a naɗi sawun tafiyar kilomita 1 zuwa 2 a hanyar da aka sani sarai. Bayan an dawo a ɗora sawun a kan hoton sama a duba abu uku: nawa ne cajin da ya tafi, ina ne ɗigon ya kauce daga hanya, kuma layuka nawa ne a hoton waɗanda yanzu an shuke su. A tura wa wani aboki lambobin wani wuri ta saƙon tes a ga ko zai iya gano shi. Wanda ya yi wannan gwaji sau biyu zai san iyakar wayarsa tun kafin ranar da zai dogara da ita a tsakiyar gonaki.